Ba a Haɗa Shi da Nono

Ɗana na fari yana wata huɗu na kamu da ciwon mara, irin wanda fitsari ke zame wa mutum abin fargaba. A Pantami muke haya lokacin, surukata ta zo daga Kwadon taya ni jego, ta zarce da zama. Likita ya rubuta mini maganin kashe ƙwayoyin cuta, na koma gida na kwanta, maigidana ya je kemis ya sayo. Ya isar da saƙon mai kemis yadda ya saba isar da kowane saƙo, rabin hankalinsa na kan waya: wai an ce ba a haɗa maganin da nono.

Surukata ba ta jira ƙarin bayani ba. Ta ɗauke yaron daga cinyata, ta aika a sayo madarar gwangwani da fida. Na so in yi gardama, amma ɗan fari ne, mu kuwa a gidanmu uwa ba ta nuna zaƙuwa kan ɗan fari a gaban surukai, ko sunansa ba na kira. Sai na bar mata shi. Ina jin kukansa ta bango, ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse, ina matsewa a kofi ina zubarwa. Na gaji da ciwon, na gaji da kunyar, na fi gajiya da a ce ina da hankali.

Da maganin ya ƙare na koma asibiti, na tambayi wata nas ko yanzu zan iya mayar da yaron. Ta ce wa ya ce in cire shi? Na gaya mata. Sai ta ce:

"Maman yaro, nonon shanu ake nufi. Kindirmo da madara ne ba a sha lokaci ɗaya da shi, suna rage masa ƙarfi. Da wannan maganin yana hana shayarwa, da likita da bakinsa ya gaya miki, ai ya ga goyonki."

Ni kuwa da fura da nono nake kora kowace ƙwaya, surukata ke dama mini don in yi ƙarfi. Ko dariya ban iya ba. Nas ta sa aka sake gwada ni, ta ce in yi ta ba yaron nono, ruwan zai iya dawowa.

Ban tayar da maganar a gida ba, ba ni da ƙarfin jin kowa yana wanke kansa. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na ɗora yaron a ƙirjina. Ya shinshina, ya kama sau ɗaya, ya saki, ya kau da kai yana neman fidarsa. Na yi ta gwadawa har ruwan ya ƙafe. Bai ƙara karɓa ba.