Sirdi Mai Tsaga, Daga Ƙonni Zuwa Illela

Mun tashi daga Ƙonni da asuba, ana sallame salla muka ɗaure jakunkunanmu a bayan kekuna. Mu biyu ne, ni da abokin hawana, tsohon jandarma da ya aje aiki tun tuni amma har yau kowa Ajidan yake ce masa, sunan muƙaminsa na da. Ya girme ni da shekara goma, kuma ban taɓa riga shi kaiwa saman tudu ba. Illela muka nufa, ba ta Najeriya da ke nan bakin iyaka ba, ta Adar, can arewa, amma sai mun biya ta Malbaza da Dogarawa.

Ku da kuke bibiyar tafiye-tafiyena kun ga na yi shiru wata huɗu. Ga dalili. Tun bara, in na yi sa'a guda bisa keke sai wurin zamana ya mutu, daga tsakiya har gaba, ko na tsunkuli kaina ba na ji. Da farko minti biyar ya sake, daga baya ya kai yini. Na je wurin lokotoro ina ta kewaye-kewaye har ya gane da kansa. Ya ce akwai jijiyoyin da ke bi ta tsakanin ƙasusuwan zama biyu, su sirdi ke dannewa, don haka ko in sake sirdi ko in jingine keke. Maiɗakina ta zaɓar mini na biyun nan take. Ni kuwa shekara ashirin da keke nake zuwa lakwal inda nake koyarwa, ranar Lahadi kuma shi ne hutuna.

Cikin kayan gwanjo na tsinci wani sirdi baƙi, siriri, mai doguwar tsaga a tsakiya wadda yatsu biyu za su shige. Mai kayan ya rage mini kuɗi don yana zaton fashewa ya yi. Na ce masa haka aka ƙera shi, bai yarda ba. Abin da nake son sani shi ne ko tsagar nan tana aiki, ko kuwa ado ne kawai. Muka shirya da Ajidan cewa rana ta biyu za mu yi musayar sirdi don a ji ta baki biyu. Shi ma ban gaya masa gaskiya ba. Ce masa na yi baya ke damuna.

Kaka ta yi, don haka hanya cike take da amalanken jakai ɗauke da dammunan hatsi, wasu lodin ya yi musu yawa har ba ka ganin jakin sai kunnuwa. A mararrabar Tsarnawa muka sha shayi da burodi, dala talatin kowa. Mai shayin ya duba sirdina ya ce in ina so akwai mai faci a bayan tasha. Daga nan sai kamyon, manyan motocin siminti, ɗaya bayan ɗaya. In mai kaya ya wuce ka, iskarsa takan fara ture ka gefe sannan ta jawo ka baya gare shi, dole ka riƙe kan keke da kyau. Tun daga nesa muka hango dogayen gine-ginen izin ɗin Malbaza, masana'antar siminti, sun tsere wa komai na garin. A gindin wata bedi, inda direbobi ke jiran lodi, muka ci garau-garau mai yaji da mai.

Abu ɗaya na lura da shi. Kafin mu kai Malbaza Ajidan ya tsaya kama ruwa sau huɗu, kuma kowane karo yakan daɗe a bayan geza. Na tsokane shi, ya ce shayin Tsarnawa ne. Na bar maganar.

A Dogarawa muka kwana gidan wani tsohon ɗalibina, yanzu magidanci ne mai garkar albasa. Aka tarbe mu da fura mai nono, kauri kamar a yanka, da maraice kuma tuwon hatsi miyar yakuwa. Sakamakon rana ta farko: wurin zamana bai mutu ko sau ɗaya ba, abin da rabona da shi tun bara. Sai dai ƙasusuwan zamana biyu sun yi tsami kamar wanda ya yini bisa bencin taron buro, wato ofis. Nauyin bai ɓace ba, wuri ya sake.

Da safe na fito da kile, wato sifana, muka yi musaya. Sirdin Ajidan faffaɗa ne, mai soso da sifirin, shi da kansa kujerar gwamna yake ce masa. Minti ashirin na farko na ji kamar a bar ni a nan har abada. Muka koma Malbaza muka yanke ta hanyar Dabnu don mu hau titin Tawa, kuma kafin mu kai kwalta mutuwar nan ta dawo mini sarai. Na yi ta juya abin a raina har na gane: a kan soso ƙasusuwa nutsewa suke, sai tsakiyar sirdin ta turo sama daidai inda ba a so. Laushin da na yi ta nema shekara da shekaru, ashe yana cikin masu cuta ta.

Ajidan kuwa ko sa'a guda bai cika ba ya sauka yana huci. Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal a wurinmu.

"Mushe, amshi kayanka. Wannan wuƙaƙe biyu ne aka jera."

Bakin tsagar ne ke cizonsa hagu da dama. Muka mayar wa kowa nasa. Wannan karon na kwantar da kwalbar ruwa bisa sirdina na daidaita shi har kumfar ciki ta tsaya a tsakiya, don jiya hancinsa ya ɗan duƙa, na yini ina zamewa gaba ina tokarewa da hannu. Wannan ɗan gyaran ya rage mini rabin gajiyar kafaɗa.

Arewa da Gidan Iddar ƙasa takan canza. Duwatsu baƙaƙe, tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, kwaruruwa masu kore a ƙasa, da rumbunan laka manya masu tumbi, wasu sun fi ɗakunan masu su girma. Muka shiga Badagishiri bayan azahar, muka taki sa'a kasuwa na ci. Can gefen masu dabbobi muka samu inuwa kusa da wani dattijo mai ɗinkin akumari, wato shimfiɗar da ake ɗora wa jaki kafin a aza masa kaya. Ya daɗe yana kallon kekena kafin ya yi magana.

"Malam, wanda yay yi sirdin ga ya san jaki."

"Baba, ai na mutum ne."

"Duk ɗaya. Diba nan."

Ya kifar da wani akumari. Matasai biyu ne cushe da ciyawa, tsakaninsu kwari tun daga gaba har baya. Ya ce nauyi bisa haƙarƙari yake zama, dama da hagu, ƙashin baya ba a taɓa shi, in aka danne shi kwana uku jaki ya yi gyambo. Na ba shi labarin musayarmu, na tambaye shi me ya sa abin da ya yi mini daɗi ya yanki abokina.

"Ramin kaɗai ba shi isa," in ji shi. "In akumari ya yi ma jaki ƙunci, bakin ramin shi ka cin shi. Kowane da faɗin bayanshi. Ni ban ɗunkawa sai an kawo min dabba na gani."

Lokotoro ya yi mini bayanin jijiya, amma maganar faɗi a nan na fara jin ta. Ajidan ƙato ne, ni kuwa siriri. Ƙasusuwansa sun fi sirdina faɗi, don haka ba su sami wurin sauka ba, nauyinsa ya faɗa bisa bakin tsagar.

Muna cikin haka Ajidan ya dawo daga bayan katanga, ya zauna a karkace. Dattijon ya aje basillarsa.

"Ƙanena, tun da kunka zamna sau ukku ka tashi. Shina fita, ko ɗiga shikai?"

Fuskar Ajidan ta ɗaure irin ta lokacin da yake cikin kaki. "Baba, ni ban san ka ba."

"Awo. Shi ya sa nit tambaye ka. Wanda ya san ka kunyarka shika ji."

Bai jira amsa ba ya ba da nasa labarin. Shekara uku yana ɓoye wahalar fitsari, yana shan saiwoyi, har ranar da abin ya tsaya cak aka kai shi likita, wato asibiti, bisa amalanke yana ihu gaban ƴaƴansa. An yi masa aiki, ga shi yau yana ɗinkinsa. Ya ce abin da ya fi ba shi haushi shekara ukun nan ne, ba aikin ba. Ajidan ya miƙe ya ce mu je mu nemi masauki.

Washegari muka kama hanyar Illela, yamma da Badagishiri. Idanun Ajidan sun yi ja, ko shayi bai sha ba, kuma a tsaye yake tuƙi, ba ya yarda ya taɓa sirdi. A karon farko tun da na san shi na riga shi hawa tudu. Da na waiwaya sai na hango keken a yashe, shi kuma a durƙushe gindin wata aduwa. Na koma da gudu. Zufa ta jiƙa masa riga tun rana ba ta yi zafi ba.

"Mushe," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "tun la'asar ɗin jiya ko ɗigo."

Na taɓa mararsa, ta yi tauri kamar ƙwarya. Tsoro ya kama ni sosai. Na tsaya tsakiyar hanya ina ɗaga hannu biyu har wata mota mai buɗaɗɗen baya, ɗauke da buhunan wake, ta tsaya. Direban bai tambayi komai ba, ya taya ni muka kwantar da shi bisa buhuna, muka jefa kekunan a gefe. Duk ramin da motar ta faɗa sai Ajidan ya damƙe mini hannu har in ji ƙashina. Mutumin da ya yi shekara talatin yana bin ɓarayin shanu cikin daji, ga shi yana kiran sunan mahaifiyarsa.

A likitar Illela majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya duba shi sau ɗaya ya ce a shiga da shi. Aka sa masa roba. Bayan kamar minti goma na ji wata doguwar ajiyar zuciya daga cikin ɗakin, sai kuma dariya. Da na shiga na tarar da shi kwance, hawaye na bin kuncinsa, yana ta hamdala.

Majo ya ce wata ƴar tsoka ce a ƙarƙashin mafitsara da kan kumbura wa maza in shekaru sun ja, har ta matse hanyar fitsari. Ya rubuta masa takardar zuwa babbar likita a Tawa don a bincika da kyau. Ni da son sanina ban iya yin shiru ba, na tambaya ko sirdi ne ya jawo. Ya ce a'a, sirdi bai kawo ta ba, kuma ba sirdin da zai warkar da ita, mai tsaga ko marar tsaga, sai dai doguwar tafiya a kansa tana iya tsokano abin da ke kwance.

Da muka rage mu biyu Ajidan ya ce shekara biyu ke nan yana fama, ko iyalinsa bai gaya wa ba. Ni ma sai na faɗa masa cewa bayana lafiyarsa ƙalau, na kwashe nawa labarin na ba shi. Ya dube ni ya ce:

"Kenan kowace Lahadi muna jere muna zancen tamaula da tsadar shinkafa, kowa da abin da yake zaune a kai?"

Muka yi dariya har majo ya leƙo ya ce a bar maras lafiya ya huta.

Babban ɗansa ya zo da mota da yamma ya wuce da shi Tawa, keken a ɗaure a sama. Ni na kwana Illela, na zaga kasuwa, na sayi cukku mai kyau wurin wata Buzuwa, da safe na juyo ni kaɗai. Kwana biyu na yi a hanya, ina tashi tsaye bisa feda lokaci-lokaci don jini ya zaga. Na shigo Ƙonni ana kiran la'asar. Maiɗakina ta tsaya bakin ƙofa tana kallon yadda zan sauka, na sauka da ƙafafuna, ba abin da ya mutu sai gajiya.

Ga masu tambaya ko sirdi mai tsaga yana ƙara jin daɗi, abin da na gani ke nan, kuma a jikin mutum biyu kawai na gani. A wurina ya yi aiki, ya ceto mini kekena. A wurin Ajidan ya fi na da muni. Tsagar ba ta da amfani sai faɗin sirdin ya dace da ƙasusuwanka, kuma sai an daidaita shi. Laushi ba shi ne sauƙi ba. In kuwa abin da ke damunka ya wuce na zama, kada ka tsaya canza sirdi, likita za ka.

Ajidan ya dawo gida, yana shan magani, an ba shi ranar komawa. An hana shi keke tukuna, don haka ranar Lahadi yakan zauna ƙofar gidansa yana ba duk wanda ya tsaya labarin abin da ya same shi, da murya irin ta fareti. Ta bakinsa maganar sirdina ta bazu cikin unguwa. Daga dawowata zuwa yau magidanta biyar sun yi mini sallama, ɗai-ɗai, kowa ya ce sirdin ya zo gani. Biyu daga cikinsu ko keke ba su da shi. Sukan juya shi, su yaba, sannan su matso su rage murya su ce, "Mushe, shi wannan binciken na likita, da zafi?"