Na Je Gaya Nemo wa Goshi Bijimi

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Zabori, ni da maƙwabcina, tsohon direban kamiyo, wato babbar motar kaya, da ya san kowane ramin hanyar Gaya kamar shi ya haƙa shi. Ku da kuka dame ni da tambayar inda na shige kwana biyu, ga amsa: neman miji na tafi. Ba 'yata na nemo wa ba, saniya ce.

Sai na ɗan koma baya don waɗanda ba su san gidanmu ba. Yayana marigayi ya yi shekaru yana aiki a wata babbar gona a Najeriya. Da ya dawo gida ya taho da shanu biyu irin waɗanda ba a taɓa gani a garinmu ba: jajaye, fararen fuska, ba tozo, ga gajerun ƙafafu. Likitan dabbobi na Junju ya ce sunan irinsu Harifod, kuma shanun ƙasar sanyi ne. Yaya ya yi musu rumfa, yana watsa musu ruwa da rana kamar jarirai. Da ya rasu suka dawo hannuna, matarsa kuma ta ci gaba da ba su dusa da ruwa yadda ta saba. Ɗaya ciwo ya ɗauke ta. Ɗayar ni na kashe ta, ko da yake ba da wuƙa ba. Na samo mata wani ƙaton bijimi da duk gari ke yabo, ta ɗauki ciki, ranar haihuwa maraƙin ya ƙi fitowa, muka rasa uwa da ɗa. Abin da ya rage 'yarta ce ta fari, karsana guda da muke kira Goshi. Yanzu ta isa barbara, kuma in na sake kuskure, shanun Yaya sun ƙare ke nan.

Duk da haka, in faɗi gaskiya, a mota ban da ƙaton bijimi ba abin da nake gani. Na ɗauka abin da ya faru tsautsayi ne kawai. Tun daga Zabori har Junju, hanya tana jijjiga mu, ni ina can ina kiwon garken da babu shi: shanu hamsin, kowace da farar fuska da tozo irin na shanun Gudali, suna gangarowa fadama da yamma, mutane suna tsayawa suna tambayar na wane ne. Har makiyayi na ɗauka musu a zuciyata, na saya masa malafa.

A Junju muka tsaya sauya mota. Rake ya fito, an jingina shi dami-dami a bakin tasha, sanda guda dala ashirin, kuma mai zaƙi ne har ƙarshen gaɓa. Maƙwabcina ya sayi uku, ya ce ɗaya tawa ce, amma kafin mu bar gari ya shanye biyu da rabi. Daga nan hanya ta shiga cikin giginya. Wanda bai taɓa bin wannan yanki da sassafe ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Giginyu ne tsaye iyakar ganinka, raɓa ba ta gama bushewa ba, hayaƙin girki yana kwance a tsakaninsu bai tashi sama ba. Mata suna tafe da ƙwarya a ka, ba ka jin takunsu. Fasinjoji duk suka yi shiru, har wata tsohuwa da ta yi ta faɗa da direba kan kuɗin kajinta ta haƙura. Na ji kewar Yaya ta taso mini, don shi ya fara kawo ni wannan hanya ina ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko.

Wajen Bana muka ci karo da masu dafa gishiri, da 'yan mata masu tallan muruci. Na sayi ƙulli biyu, ina ɓarewa ina ci, ina ci gaba da lissafin garkena. Kafin mu hau gudron, wato kwalta, har na fara tunanin inda zan sayar da nono.

Gaya ta tarbe mu da hayaniyarta. Kamiyoyi jere, 'yan kabu-kabu suna kutsawa ta inda ko akuya sai ta yi tunani, warin soyayyen kifi da na fetur sun haɗu. A rumfa guda za ka ji Dandanci da Zabarmanci da Fillanci, amma da an zo ciniki kowa sai ya dawo Hausa. Muka ci doya da miyar kifi wajen wata mata da ta ce doyar jiya ta ƙetaro daga Benin. Jika guda, wato sefa dubu, muka biya mu biyu, ta ƙara mana kan kifi don ta ji mun zo daga nesa.

Daga nan sai kara, wato kasuwar shanu. Jama'a, nan ne hankalina ya tafi. Ga Azawak ja mai santsin jiki, siririn fuska, kamar an shafa masa mai. Ga Bororo mai ƙaho kamar hannuwan mai addu'a. Ga Gudali fari tas, tozo ya kwanta gefe don nauyi, yana tafiya ƙasa tana amsawa. Wani dillali ya hango yadda na saki baki, ya riƙe hannuna ya kai ni gaban Gudalin, ya ce wannan in ya hau saniya, ɗan da za ta haifa sai an faɗaɗa ƙofar gida. Shi yana nufin talla. Ni kuwa maganar ta sauka mini a wani wuri daban, don na tuna ranar da muka ja maraƙi da igiya. Na zare hannuna.

Maƙwabcina ya lura. Ya ce akwai wani dattijon Bafillace da ya taɓa ɗauko wa shanu shekarun baya, yana kiwo a wani gungu, wato tsibiri, cikin gulbi, mu je mu gaishe shi ko ba mu saya ba. Muka kwana a gidan wani ɗan'uwansa, da hantsi muka gangara bakin ruwa.

Gulbi ya cika ya batse. Mai jirgin da ya ɗauke mu masunci ne, Hausarsa ta kasuwa ce, kalma biyu sai murmushi. Da muka bar gaɓa, ƙarar gari ta yi ta raguwa har ta ɓace, ba ka jin komai sai filafili yana shiga ruwa yana fita. Gadar da ta haɗa mu da Benin tana can nesa kamar zare. Ciyawar burgu ta rufe gefen ruwa, koriya shar, fararen balbelu suna zaune a kai. Can sai na ga wasu abubuwa suna yawo a kan ruwa, na ɗauka itace ne. Ashe shanu ne suke iyo, hanci da ƙaho kawai a waje, suna bin juna a hankali zuwa gungu. Na daɗe ina kallo. Na rasa ko a farke nake, har sai da ruwa ya fantsamo mini a fuska.

Mun tarar da dattijon zaune a gindin wata bishiya yana murza igiya. Bayan gaisuwa mai tsawo, da fura da matarsa ta dama mana, na faɗa masa abin da ke tafe da ni, ban ɓoye mutuwar uwar Goshi ba. Ya ce in nuna masa karsanar. Na ciro waya da alfahari, don hotunanta sun fi na 'ya'yana yawa a ciki. Ya duba na farko, ya duba na biyu, ya sa na yi ta turawa har muka kai ƙarshe. Sannan ya ɗago.

"Malam, duka fuska ce."

Na ce, "Ai fuskar ce abin kallo, Baffa."

Ya ce, "Da fuska za ta haihu? Ina bayanta?"

Maƙwabcina ya yi dariya har fura ta sarƙe shi. Ni kuwa kunya ta rufe ni. Shekara uku ina ɗaukar hoton dabbar nan, ban taɓa zagayawa bayanta na duba ba. Dattijon ya ce shi ba ya zaɓa wa saniya bijimi sai ya san faɗin ƙugunta, daga wannan ƙashi zuwa wancan, da taƙin hannu, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya in an buɗe. Ya ce in kira gida a auna.

Da ƙyar na sami rezo a waya, sai da na hau wani tudu. Na kira matar Yaya, na fara yi mata bayani dalla-dalla irin na tsohon malamin lakwal, cewa ta je rumfa, ta tsaya ta baya, ta buɗe hannu. Ba ta bari na gama ba.

"Taƙi biyu ne babu yatsa biyu, Mushe." Haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu.

Na ce ta je dai ta auna. Ta ce ta auna. Na ce yaushe? Ta ce, "Kowane wata." Sai layin ya yanke, ni kuma na tsaya a kan tudun nan riƙe da waya ban san me zan yi da ita ba.

Da na gaya wa dattijon, ya gyaɗa kai, ya ce matsattsiya ce. Bai kai ni wajen bijimai ba, wajen maruƙa ya kai ni. Ya kama wani ɗan kwana huɗu, ya ɗora tafina a goshinsa, sannan a kafaɗunsa. Ya kama wani, ya sake ɗora hannuna. Na farkon kansa ya cika mini hannu har ya yi saura, na biyun kuwa tafina ya rufe shi. Ya ce uban na farko shi ne wancan babban da nake ta satar kallo tun zuwanmu. Uban na biyu kuma, ya nuna da sanda, ga shi can.

Wallahi da a kara na gan shi, ko farashinsa ba zan tambaya ba. Gajere, baƙi-baƙi da rodi, ɗan tozo kamar dunƙulen fura, ƙaho gajeru. Keteku ne, irin shanun Bargu na ƙetaren ruwa. Dattijon ya ce 'ya'yansa ƙanana suke fitowa, su girma a waje, kuma tsando da kaska ba su cika kayar da su ba. Duk karsanar da zai yi wa haihuwar fari, shi yake sakar mata, kuma bai taɓa sa igiya ya ja ɗansa ba. Yana da ƙane, ɗan shekara uku, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda zai iya rabuwa da shi.

Na tsaya ina kallon babban, ina kallon ƙaramin. Garken nan nawa na shanu hamsin ya yi ta watsewa ɗaya bayan ɗaya, har da makiyayin da malafarsa. Na ji zafin abin, ba zan ɓoye ba. Amma muka yi ciniki, dattijon ya shafa bayan ɗan bijimin ya yi masa magana da Fillanci a kunne, aka bi da shi ta ruwa yana iyo a gefen jirginmu har gaɓa.

Dawowa a bayan wata buɗaɗɗiyar mota muka yi, mu da buhunan gari da ɗan Keteku. Ya kwanta abinsa yana tuƙa, ko a jikinsa. A kowane shinge sai an leƙo an tambaya ko na layya ne. Muka iso Zabori bayan la'asar, kafin a sauke shi maƙwabta sun taru. Wani ya ce Mushe ya je Gaya ya sayo bunsuru. Wani ya ce sai an kafa masa turmi ya taka. Na yi dariya tare da su, don ni ma da haka zan ce.

Abin da tafiyar ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya ishe ni. Na san sunayen shanu na littafi, na san wanda ya fi nono da wanda ya fi nama, amma ina kallon dabba ne ta inda take burge ni. Na ƙetare gulbi don in ji abin da ke cikin gidanmu tun tuni, wajen wadda ban taɓa tambaya ba.

Matar Yaya ba ta yi dariya ba. Ta bari mutane suka watse, ta zo ta ɗora tafinta a goshin ɗan bijimin, ta daɗe a haka. Na ce mata, "Wancan karon ma kin auna uwar Goshi?"

Ta ce, "Na auna."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Na ga kana ta murna, kuma kai ne mai karatu." Ta share ido da bakin mayafi, ta kwance igiyar daga hannuna, ta ja shi da kanta zuwa rumfar Goshi.