Hannun Firmin da Bindigar Désiré

A wani lungu na birnin Liège da ke gangarawa bakin kogin Meuse, inda danshi ke kwana a jikin bango, nan shagon Firmin Lhoest yake. Tun yana saurayi yake gyaran tsoffin ƙananan bindigogi, irin waɗanda ba a harbawa kuma, sai dai a shimfiɗa su a kan ƙyalle a zauna ana kallo. Masu tara su suna da ƙa'ida: tsatsa ta shekaru ado ce, amma ƙarzuwa sabuwa, ko da a kan noti ɗaya, ta zubar da darajar bindiga. Firmin bai taɓa ƙarzar ta kowa ba.

Sai hannunsa na dama ya fara rawa. Bai gaya wa kowa ba. Ya koma karɓar aikin goge-goge, yana cewa ido ne ya yi rauni.

Wata safiya ana yayyafi, Désiré Bovy, abokinsa tun makaranta, ya shigo da ƙunshi a hammata.

"Tsoho, kana raye? Bindigar kakana ta yi yaji. Gidan harsashi ya ƙi fita, ga baje kolin masu tara bindigogi ranar Lahadi, kuma ka san ba a shiga da ita sai an zare shi a ƙofa."

Firmin ya kwance ƙunshin, ya juya bakin bindigar wajen bokitin yashin da ya tanada don tsaro, ya danna maɓallin da ke ƙasan ƙota. Ko motsi. Ya kai ta hanci ya shinshina.

"Kai Désiré, bindiga ce ko kifin gwangwani? Wane irin mai ne wannan?"

"Kulawa ce! Duk Lahadi sai na shafa mata."

"Da matarka ka kula haka, da ba ta koma gidan 'yar'uwarta ba."

Firmin ya gane ciwon. Katakon ƙota ya sha mai da danshi ya kumbura ta ciki, ya riƙe gidan harsashi gam. Magani shi ne a kwance notin da ke riƙe katakon. Notin nan kuwa tsagarsa tana nan sumul, tun ranar da aka ɗaura shi ba wanda ya taɓa. Zamewa ɗaya ta isa.

Ya zaɓi sukundireba, ya goge bakinta ta yi daidai da tsagar. Da ya kai ta kusa, sai ta hau karkarwa kamar ganye a bakin iska. Désiré ya gani. Ya kau da kai yana duban ruwan da ke bin gilashin taga.

"Bar ta kawai, mutumina. Baje kolin ma duk 'yan surutu ne."

"Rufe mini baki."

Firmin ya ajiye bindigar. Sannan ya kafa sukundirebar a mamatsin ƙarfe na bakin tebur, bakinta sama, ya ɗaure ta tam. Ya ɗauki bindigar da hannu biyu, ya manne gwiwoyin hannunsa da haƙarƙari, ya ɗora notin a kai. Maimakon ya juya sukundireba, sai ya juya bindigar da dukan jikinsa, a hankali, kamar mai rawa da tsohuwa.

Notin ya yi ɗan ƙara, ya saki. Katakon ya ɗaga, gidan harsashi ya zame ya faɗo cikin tafin Désiré, fanko, yana naso da baƙin mai.

Firmin ya duba tsagar a ƙarƙashin fitila. Babu ko ɗigon tabo.

"Tun yaushe hannun?" in ji Désiré da ƙaramar murya.

"Tun hunturu." Ya zauna, ya bar hannun a kan tebur yana rawarsa a fili. "Ɗora mana kofi. Kuma ka gaya wa 'yan surutun naka su ci gaba da kawowa, sai dai ba na aikin sauri."