Mai Aron Kafaɗa

A tashar Bamenda, muna jiran motar Yawunde ta cika, wata tsohuwa na zaune a kan buhun dankali tana saƙa jar rigar sanyi. Tabaraunta ya karye, ta ɗaure shi da zare a kunne. Ba ta duban saƙar, yatsunta sun san hanya. Yaran tashar take bi da ido ɗaya bayan ɗaya, har idonta ya tsaya a kan 'yata Sirri.

"'Yar nan, shekarunta nawa?"

"Huɗu, Mami."

"Yawwa! Ara mini ita."

Ta ɗora rigar a bayan yarinyar, ta miƙar mata da hannu tana awo da yatsu. "Tsaya mana, sarkin rawar kai! Ko ɗan akuya ya fi ki natsuwa." Sirri sai dariya take.

Ta ce jikanta take saƙa wa. A Jamus aka haife shi, a waya kawai take ganinsa, waya kuwa ba ta faɗin tsawon hannu. Wadda ta aika bara ta yi masa kaɗan. Ba wanda ya gaya mata, a hoto ta hango ta jikin 'yar tsana.

Ina jin haka take yi kullum, tana harhaɗa yaron nan daga kafaɗun 'ya'yan mutane.

Awo ya ƙare tuni, amma tafin hannunta na nan a bayan Sirri, ya ƙi tashi. Direba na ta kiranmu. Na yi kamar ban ji ba.