Na ga baffan Habibu ya kasa gane shi

Damina ta yi nisa, gero har ya fara fitar da kai, amma ni bana ban ji daɗin jikina ba. Sau biyu hawan jini yana kwantar da ni, kuma duk kwanciyar da na yi tunanina ɗaya ne, Habibu. Ɗana ne, shekararsa sha tara. Jiki ya girma, hankalin kuwa ya tsaya a na ƙaramin yaro. Mahaifinsa ya rasu. Wata ma'aikaciya a asibiti ta ce tun ina da rai in zaɓi wanda zai riƙe shi bayana, ko in yi wasiyya a gaban shaidu, ko mu je kotu alƙali ya naɗa masa waliyyi. Na ce to. Har yau ban furta wa kowa ba.

To 'yan uwana mata na wannan zaure, daren jiya na yi wani mafarki, ku taya ni dubawa.

Na gan ni a ajinmu na yaƙi da jahilci, amma wai kotu ce. Alƙali na zaune a kujerar malama da alli a hannu, dangi sun cika bencinan ajin. Ya ce, "Wa zai riƙe yaron?" Yayan mahaifinsa, Alhaji Sule, ya miƙe ya ce, "Ni ne, Allah ya gafarta Malam, ai jinina ne." Alƙali ya ce, "To nuna min shi." Sai kawai ga samari sun jeru jikin allo, rigarsu iri ɗaya. Alhaji ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sau biyu yana wuce Habibu. Shi kuwa yana ta yi masa murmushi.

Aka kira 'yata Zainab. Za ta tashi, surukarta ta riƙe mata mayafi ta ce, "Da ma kina da ƙane?" Zainab ta dube ni kawai.

Sai kawai ga mu a gidana ranar bikin Zainab, ana ta guɗa, ni kuma ina jan hannun Habibu ta ƙofar baya zan kai shi maƙwabta ya wuni. Wannan kam ba mafarki ne kaɗai ba, haka na yi. Haka nake yi duk ranar da za a yi baƙi. Alƙalin na tsaye a lungu, ya miƙo min allin ya ce, "Rubuta sunan wanda ya san yadda yake shan kokonsa." Na iya rubutu, sunan ne babu. Habibu ya ce, "Umma, yau ma ɓuya za mu yi?" Nan na farka.

Don Allah me wannan yake nufi? Kwanana ne ya ƙarato ake nuna min, ko abin da na aikata ne ya biyo ni? Shekara da shekaru ina jin haushin dangi ba sa tambayarsa, ashe ni na rufe ƙofar. Da wane baki zan ce wa mutum ya karɓi amanar yaron da na hana shi sani?

Da gari ya waye na sa ya yi wanka, na ɗauko masa shaddarsa ta Sallah. Muka bi ta babban titi a ƙafa, yana gaida duk wanda muka wuce, ban ce ya yi shiru ba. Muka yi sallama gidan Alhaji Sule. Ya fito, ya daɗe yana kallonsa kafin ya ce, "Maman Zainab, Habibu ne ya zama haka?"

Habibu ya matso jikina ya ce, "Umma, wannan waye?"

Na ce, "Baffanka ne. Cire takalmi, yau nan za mu wuni."