Matar da Na Gani a Ɗakin Fitila

Jama'a, ban cika son ba da labarin nan ba don na gaji da mutane suna ce mini gajiya ce ta sa na yi gane-gane, amma wallahi tallahi ya faru da ni, a shekarun korona, lokacin ina aikin shara da wanke kayan aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Argungu. Daga Ambursa nake zuwa kullum a kan babur, ga damina, ga masu zazzaɓi har a baranda, sai mutum ya wuni bai zauna ba.

A lokacin aka sayo mana fitilar UV, doguwa mai shuɗin haske, wadda ake kunnawa a ɗakin tiyata don ta kashe ƙwayoyin cuta. Babbar nas ɗinmu, ’yar kudu ce da mijinta ke kasuwanci a Birnin Kebbi, Sista muke ce mata, ita ta koya mini: kowa ya fita, a rufe ƙofa, a kunna daga waje, bayan rabin awa a kashe a buɗe tagogi. Ta ce haskenta na ƙona ido da fata, kuma ba ka jin komai sai daga baya.

Ranar wata Laraba bayan azahar na goge ɗakin, na duba har ƙarƙashin gado, na kulle, na kunna. Na jingina da bango ina hutar da ƙafafuna, sai kawai na leƙa ta gilashin ƙofa. Innalillahi! Mace zaune a bakin gadon, dattijuwa, ƙafafunta duk taɓon fadama, ta ɗaga kai tana kallon fitilar ido buɗe.

Ni dai tunanin da ya zo mini shi ne na makantar da uwar wani. Ko kashe fitilar ban tuna ba, na buɗe na faɗa ciki.

Na ce, "Inna, taso mu fita, wutar nan illa gare ta!"

Ba ta ko juyo ba ta ce, "Ɗana, jira nike a kira ni. Tun ɗazu nike jira."

Sai ta kama wuyan hannuna na dama. Sanyi kamar randa. Na ja, na ja, kamar ina jan turmi, a raina minti ɗaya muka yi.

Muryar Sista na ji, ta kashe fitilar, ɗakin ya koma haskensa na rana, tana fizgo rigata tana cewa, "Kai, mi kake yi nan? Kana son ka makance?" Wai ta fi minti ashirin tana nemana, ta same ni tsaye ni kaɗai, hannu a miƙe. Na waiga gadon. Babu kowa.

Kafin magariba idanuna sun kama, kamar an watsa mini yashi da barkono, hawaye kawai, ko buɗewa ba na iyawa. Washegari yayana ya kai ni wurin likitan ido a Birnin Kebbi, ya ce ƙunar haske ce, ya ba ni magani, kwana uku na yi a ɗaki mai duhu kafin na ga fuskar matata. Fuskata da hannuwana suka yi ta saɓa, sai wuri ɗaya: a wuyan hannuna fata lafiya lau, shatin yatsu huɗu a sama, babba a ƙasa. Na nuna wa likitan, ya juya hannun sau biyu ya sake shi.

Da na koma aiki na ce, "Sista, don Allah, ba ki gan ta ba?"

Ta daɗe tana jera almakasai a tire. Can ta ce, "Ban ga kowa ba. Amma katifar a lotse take da na shigo, a gabana ta taso."

Wata biyu na ƙara na bar aikin, na koma gonar shinkafa.

Ku da ke aiki da irin wannan fitila, a asibiti ne ko gidan ruwan leda, kada ku kalle ta, kada ku tsaya inda take ci. In kun leƙa kun ga mutum a ciki, ko da mahaifiyarku ce, ku fara kashe wutar, ku yi bismillah, sannan ku sake leƙawa kafin ku taɓa ƙofar.