Burodin da Baba Ya Nema

Shekarar da ƙafafun Baba suka daina ɗaukarsa, abinci ma ya fita ransa. Inna ta yi tuwon dawa, ta yi farfesun kifi, ta dama fura, sai ya kai loma biyu ya ture kwano. Ni ce babbar ɗiyarsa, kuma aurena nan cikin Wara yake, don haka kullum da safe ina gidan.

Wata rana ya ce mini, "Da zan samu burodin nan na masu dam, da na ci."

Na san labarin. Yana saurayi, kafin ruwa ya cinye tsohon garinsu, shi ke tuƙa kwalekwalen Turawan da suka zo auna kogi don gina dam, madatsar ruwan da ke ba da wutar lantarki. Kukunsu kan fito da burodi mai kusurwa huɗu, a yanke fale-fale, ya gasa har ya yi ja, ya shafa man shanu. Nan Baba ya fara cinsa, kuma tun da suka tafi bai sake gani ba.

A Wara ba a sayar da shi. Namu dogo ne mai zaƙi, wanda masu shayi ke tsagawa da hannu. Na shiga mota zuwa Yelwa, aka kwatanta mini wani kanti da ake kawo wa yankakke daga Kontagora ranar Alhamis. Na same shi jere cikin leda: fari, mai madara, da wani mai duhu na alkama da masu ciwon suga ke nema. Na miƙa hannu.

"Duk da masu shi," in ji mai kantin. "Ma'aikata na ajiye wa."

"Guda ɗaya kawai, Alhaji. Mahaifina ne ba lafiya."

Ya dubi silifas ɗina. "Daga ina kike?"

"Wara."

"To mi 'yan bakin ruwa za su yi da shi? Kuna da injin gasawa? Wutar ma kuna samu? Ga na kowa da kowa can, malama, ɗauki."

Na ce, "Alhaji, wutar da kake taƙama da ita, garin ubana aka nutsar kafin ka same ta. Riƙe burodinka."

Na fito. Ban nufi tasha ba, na nufi layin masu ƙera kwanoni. Na kwatanta wa wani tsoho abin da nake so, ya lanƙwasa mini gwangwani mai kusurwa huɗu da murfinsa.

Washegari na kai wa mai gidan burodin unguwarmu, sa'an Baba ne, tandar ƙasa yake gashi da ita. Na roƙe shi ya zuba mini kwaɓi a ciki, ya rage sukari.

Ya yi dariya. "Ɗiyata, burodi ba zaƙi wa zai ci?"

"Abokinka."

Sai ya daina dariya ya karɓa.

Na farko ya fito da rami a tsakiya. Na biyu ya yi kyau, amma na yanka shi da zafinsa, ya dame a hannuna. Na uku na bar shi ya kwana, na sa aka wasa mini doguwar wuƙa, ya yanku tas. Sai dai a kan wayar bandar kifin Inna na gasa shi. Baba ya gatsa, ya yamutsa fuska.

"Wannan ai tarwaɗa ce."

Mijina ya ce in haƙura, zai roƙi wani abokinsa ma'aikaci ya karɓo mana a kantin. Na ce in ya shigo da ledar nan gidana, kaji zan watsa wa. Bai sake tayar da zancen ba.

Na sayi sabuwar wayar gashi, na hura gawayi, na jira ya yi toka-toka kafin in ɗora. Na shafa man shanun da Inna ta soya. Baba ya juya shi a hannu, ya shinshina, ya tsoma cikin shayi. Ya cinye guda uku, mu kuwa muna tsaye kansa ba mai motsi.

"Ya yi kamar nasu?" na tambaya.

"A'a," ya ce. "Nasu bai da ƙamshin hayaƙi. Ƙaro ɗaya."

Wata bakwai ya yi yana karyawa da shi kafin Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar bakwai na je karɓar gwangwanina, mai gidan burodin ya hana ni. Ashe matuƙa jirgin ruwa sun gano irin wannan burodin ba ya saurin lalacewa a hanya, har ya sa an ƙera masa wasu gwangwanayen. Na ce to ya riƙe, amma duk wanda ya zo nema, ko daga wane tsibiri ya fito, a sayar masa.